Bindigar Kaka Yaro da tambarin ƙwai

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Zafi yau ba a cewa komai. Mijina Ilyasu ya dawo daga lambunsa na bakin tabki da salatin da ya yi yaushi, da kuma labari. Mai gari ya sa an yi shela: duk mai bindiga a gida ya kai ta wurin jandarmomi a duba kafin wata ya ƙare. Ta farauta a rubuta a mayar wa mai ita. Ta yaƙi kuwa, ta tafi ke nan. Da abin da ke faruwa a dajin bakin iyaka, ban ga laifinsu ba.

Ina jin haka Baba Jatau ya faɗo mini a rai. Ƙanen mahaifina, shi kaɗai ya rage a cikinsu, can ƙauyenmu ta wajen Safo. Bindigar mahaifinsu, Kaka Yaro, tana rataye a ɗakinsa tun kafin a haife ni, kuma ko jinjiri a ƙauyen ya san labarinta: Kaka ya tafi yaƙin Turawa, ya ƙetare teku, kwamanda ya miƙa masa ita hannu da hannu saboda jarumta. Na san halin Baba. Kafin a tambaye shi zai bugi ƙirji ya ce ta yaƙi ce, su kuma su jefa ta a mota.

Mijin nawa ya ce, "To Madam Gyara, ga aiki ya samu." Sunan da malamai suka laƙaba mini ke nan tun ina diraktiris ɗin lakwal, wato shugabar makaranta. Na ajiye aikin, sunan ya ƙi ajiyewa.

Laraba, 7 ga Mayu

Na hau kabu-kabu na je ƙauye. Na iske Baba a gindin bedi yana tufka igiya. Ya tsufa, amma idon nan yana nan tar. "Uwata, wace iska?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwani.

Ya riga ya ji shelar. Ya ce zai kai ta da kansa, ya kuma faɗa musu ko ta wane ne, in suna da kunya sai su sara mata. Na ce Baba ba sara mata za su yi ba, ɗauke ta za su yi. Ya ci gaba da tufka.

Shi Baba yana kan hanyar kakanni har yau, bai taɓa salla ba, kuma mun daɗe da daina wannan maganar ni da shi. Kowace shekara, washegarin ruwan shuka, sai ya fita bakin gona ya harba bindigar sau ɗaya, albarushi zalla ba harsashi, kafin kowa a gidan ya jefa iri. Haka ubansa ya yi. Ya ce mini, "In babu ta, mi za shi hwaɗa ma ƙasa mun taho?"

Ya sauko mini da ita. Baƙa ƙirin. Duk shekara sai an shafe ta da man shanu an mayar saman murhu, har man da hayaƙi sun yi mata ɓawo. Na kankara da farce a gefen sakata, sai ga ƙafar wani harafi. Bature ba ya ƙera abu bai sa masa suna ba. Na ce ya bar ni in wanke ta, ko ba komai mu san abin da za mu kai wa mutane. Ya ce a nan gabansa, ba ta kwana a wani gida.

Alhamis, 8 ga Mayu

Farcena duk sun yi baƙi. Man shanun da ya girme ni ba ya fita da lallashi.

Asabar, 10 ga Mayu

Saura ƙiris yau a yi mini aika-aika. Na shiga yin alwala, na fito na iske Ɗelu, matar ɗan Baba, ta tsugunna da toka da yashi da soson ƙarfe za ta taya ni. Wai ta ga ina shan wahala da tsumma, ita kuwa ko tukunyar biki ba ta gagare ta. Na riƙe hannunta. Da ta dirje ta yadda take dirje tukunya, da rubutun ya bi ruwa. Na yi mata faɗa fiye da kima, daga baya na ba ta haƙuri. Yarinyar kirki ce, ta dama mini fura mai sanyi.

Kananzir da tsumma da tsinken tsintsiya, a hankali. Wajen la'asar rubutun ya fito a gefen hagu, da irin haruffan nan masu lanƙwasa da ake koya mana muna yara: Manufacture d'Armes St Étienne. Gabansa Mle 1874. A kan bututun kuma S da 1877. Wallahi daɗi na ji kamar na tsinci wasiƙa a cikin bango.

Baba ya sa na karanta masa, ya sa na maimaita. Na ce masa masana'antar makaman gwamnatin Faransa ce. Ya ce, "Kin ji ko? Ta soja." Ya kira maƙwabta su zo su ji. Ni kuwa sai na ga ashe da hannuna na tono musu shaidar da za su ɗauke ta da ita.

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, Baba, ai ta girmi Kaka nesa ba kusa ba, shi da aka ɗauka soja a 1940. Ya ce, "To mi? Tsohuwa anka ba shi, wadda ta san hanya." Kowa ya yi dariya, har ni.

Na ɗauki hotuna na tura wa Al'amin a Yamai. Ɗan nawa ba ya kiran uwarsa sai da dalili, amma a ba shi abin bincike a waya, ya samu abin yi.

Talata, 13 ga Mayu

Ashe kowane ɓangare da lambarsa. Akwai a bututu, akwai a sakata, akwai a ƙota, kowace da harafi a gabanta. Al'amin ya ce da harafin ake gane gidan da aka ƙera: na bututun F ne, na Saint-Étienne, na sakatar kuwa A, wannan na wani gari ne, Châtellerault. Lambobin ba su zo ɗaya ba. Wato sakatar daga jikin wata bindiga aka ciro ta. A gefen ƙota akwai wani tambari zagaye da ya shafe, wata da shekara ne a ciki, amma ban iya karanta ko ɗaya ba. Na ɗora takarda na goga fensir a kai, ya fito dishi-dishi.

Aikin nan yana yi mini daɗi, ban ɓoye ba. Tun da na bar lakwal ban zauna da tabarau a hanci ina bin abu ɗaya bayan ɗaya haka ba. Baba yana gefe yana tufka, yana ba ni labarin sanyin ƙasar Turawa kamar shi ya je, wai Kaka ya tofa yawu ya faɗi ƙasa ya fashe. Na ce yawu ba ya daskarewa a iska. Ya ce ni na sani.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ban je ko'ina ba. Ilyasu ya samo karfasa daga masunta, na soya da albasa mai yawa, muka ci a tsakar gida. Hadari ya taso ta gabas ya yi mana kwalele ya wuce. Ilyasu ya ce har yanzu ina warin kananzir, in ban yi hankali ba zai kunna ni ya yi karatu.

Lahadi, 18 ga Mayu

Al'amin ya nace a duba ƙarƙashin bututu, inda itace ya rufe. Baba bai so ba. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin an tuɓe ta ba. Sai da na kira Zakari maƙeri, abokin wasansa, suka gama zage-zagensu na tsofaffi, sannan ya yarda. Kusoshin sun ci tsatsa, Zakari ya sha fama kafin su juya.

Da aka ɗaga bututun, ƙarfen wurin fes, ba mai ba hayaƙi. Ga ƙananan tambura a jere. Ɗaya kamar ƙwai da ƴar hular sarauta a kansa, a cikinsa E, L, G da tauraro. Ɗaya kamar ƴar hasumiya. Ɗaya kuma mai kusurwa huɗu a tsaye, 24 a sama, C a ƙasa. Ba su yi kama da rubutun sama ba, hannun wani ne daban.

Zakari ya ɗaga bututun ya leƙa rana ta ciki, ya miƙo mini. Sumul. Ya ce na soja da ya taɓa leƙawa cikinsu a murɗe yake, wannan kuwa kamar an rarake ta. Ya nuna mini tabo a saman bututun, inda aka cire wani abu aka goge. Baba ya ce mu bar leƙa cikin tsohuwa, rashin kunya ne.

Litinin, 19 ga Mayu

Al'amin ya kira da safe, yana magana da sauri. Ƙwan nan ba na Faransa ba ne, na Liège ne a ƙasar Beljika, inda ake gwada bindigogin kasuwa. In soja sun gama da tsofaffin bindigogi sai a sayar da su da yawa, a rarake cikinsu, a cire abin saiti, a mai da su na harbin zabi da kurciya, ƴan kasuwa su kawo kantunan ƙasashenmu. Lamba 24 faɗin bakinta ne bayan an rarake. Kuma irin wannan tambarin mai kusurwa huɗu, an daina buga shi tun 1924.

Ta farauta ce. Ba za su ɗauke ta ba. Na tashi na yi ƴar rawa a tsakar gida ni kaɗai, har kaji suka watse.

Ina cikin wanke-wanke sauran maganar ta iso mini. In tun kafin 1924 ta bar hannun soja, to babu kwamandan da ya miƙa wa Kaka ita. Saye ya yi, a kanti, watakila a Maraɗi, bayan ya dawo. Abin da zai ceci bindigar shi ne zai kashe labarin. Na bar kwanukan a ruwa na zauna.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban je ƙauye ba. Na aika cewa gwiwata ke ciwo. Tana yi kaɗan.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ilyasu ya ce abin ai mai sauƙi ne. In raka tsohon, in yi wa jandarma bayani da Faransanci, a nuna tambari, a rubuta, a dawo gida, Baba bai ji komai ba. Na ce wato in tsaya a gaban ƙanen ubana in ƙaryata ubansa da harshen da bai ji, yana murmushi. Ban iya wannan ba. Kuma in suka tambaye shi da Hausa fa?

Ya ce, "To ki faɗa mishi, amma don Allah ba a gaban allo kike ba." Na ji haushi. Ya san ni ne.

Asabar, 24 ga Mayu

Na faɗa masa. Kuma a gaban allo na faɗa, duk da na sha alwashin ba zan yi ba. Na jera masa ɓangarorin a tabarma, na nuna wannan, na nuna wancan, na kawo shekaru, har da cewa "ka gane?" Allah ya shirye ni.

Bai katse ni ba. Da na gama ya sa yatsa ya shafa ƙwan, ƙaramin abu, bai kai ƙwayar wake ba. Ya ce, "Wanga ɗan abu ya hi maganar gidanmu?" Na ce ba fi ya yi ba Baba, amma shi za su yarda da shi, kuma shi zai bar maka ita. Ya ce a kira Zakari ya mai da ta yadda take. Sannan ya ce, "Tahi gida Uwata, rana na yi." Bai raka ni bakin zaure ba. Bai taɓa ƙin raka ni ba.

Na yi kuka a bayan mai kabu-kabu, na ce masa ƙura ce.

Litinin, 26 ga Mayu

Ɗelu ta kira. Yana cin abinci kaɗan. Ya ce mata gara su ɗauke ta tana ta soja da a bar masa ita tana ta harbin kurciya. Ta ce in zo. Na ce ba ni yake son gani ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Da hantsi sai ga amalanke a ƙofar gida. Baba ne, da rigarsa ta saƙi da ba ya sawa sai da dalili, bindiga naɗe a tabarma. Ya ce, "Taso ki raka ni." Ban tambaye shi abin da ya yanke ba, tsoro nake.

An yi layi a inuwa, yawanci mafarauta da bindigogin ƙirar gida. Da aka zo kanmu, ajidan ɗin, babban jandarman wurin, wani mai natsuwa, ya ba Baba kujera. Ya karanta rubutun gefe, ya ɗaga gira. Na buɗe baki, Baba ya ɗora hannu a gwiwata. Na rufe.

Ajidan ya ce, "Baba, wannan ai rubutun soja ne. Ina aka samo ta?"

Baba yana kallon bindigar. Can ya ce, "Ubana ya yi soja, ya tahi yaƙi ya komo. Ita ko sayen ta ya yi. A kanti." Ya juyo ya ce, "Uwata, gwada mishi ƙwan."

Na nuna hoton a waya. Ajidan ya zare sakata ya leƙa bututun, ya sa aka kwance ya gani da idonsa, ya ce haka ne, ta farauta ce, tsohuwar gaske. Ya rubuta. Da zai miƙa ta ya tashi tsaye ya miƙa da hannu biyu, ya ce a gaida gidan tsohon soja.

A hanyar komawa na hau amalanken na raka shi har ƙauye. Muka wuce tabki. Sai da muka shiga gonaki ya yi magana, ba ni yake kallo ba. Ya ce shi bai taɓa jin ubansa ya ce daga yaƙi ya zo da ita ba. Kaka ba ya maganar yaƙi, ko kalma. In an tambaye shi sai ya tashi ya bar wurin, wani lokaci ya yini a gona ba ci ba sha. Baba ya ce, "Yara na tambaya ta mi ubanka ya yi can. Ni ko ban da abin hwaɗi. Ga bindiga rataye. Sai na ba su." Tun yana ƙarami yake ba da labarin, har ya manta inda ya samo shi.

Na ce masa zuwan Kaka yaƙi dai gaskiya ne, wannan babu tambarin da zai goge shi. Ya ce ya sani. Ya raka ni bakin zaure da zan tafi.

Asabar, 7 ga Yuni

Sallar layya. Al'amin bai samu zuwa ba. Na aika wa Baba cinya, ya aiko mini da zabuwa da saƙon cewa ragona ƙashi ne zalla. Ya warware ke nan, in ji Ilyasu. Amma Ɗelu ta ce tun ranar nan bai sake ba kowa labarin Kaka ba. Yaran maƙwabta sun zo hira sun roƙa, ya ce ya manta.

Talata, 17 ga Yuni

Ruwa. Tun la'asar ake yi, har indararo ya gaji. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki.

Laraba, 18 ga Yuni

Na je ƙauye da sassafe. Na ce wa Ilyasu zan je ne in tabbata Zakari ya ɗaure kusoshin da kyau, kada ta fashe a hannun tsoho. Ya ce to, ya kau da kai yana murmushin nan nasa da ba na so.

Duk gidan an fito bakin gona, mata da ƙoren iri, maza da sungumi. Ni na tsaya baya. Baba ya yi ƴan maganganunsa ƙasa-ƙasa, ya ɗaga ta sama ya ja kunama. Ta yi tsawa, hayaƙi ya tashi, tsuntsaye suka watse daga kan gawo. An riga an sake shafe ta da man shanu, duk wahalata ta kananzir ta tafi a banza.

Al'adar ita ce kafin a shiga shuka a zauna a sha fura, Baba ya ba da labarin bindiga. Aka zauna. Aka sha. Jikoki sun kewaye shi suna jira, shi kuwa yana ta goge bututu da gefen riga. Har Ɗelu ta fara tattara ludaya.

Sai na ji bakina yana cewa, to ku matso, ni zan ba ku. A shekarar da aka ɗauki Kaka Yaro soja, sai aka sa su a jirgin sama.

Baba ya ɗago. "Jirgin ruwa, Uwata."

Na ce af, jirgin ruwa. Suka sauka a wata ƙasa mai zafi.

"Sanyi. Wane irin zahi? Ke da kinka yi lakwal. Ba ni nan, kina ɓata shi." Ya gyara zama, ya ɗora bindigar a cinya, ya ɗauko daga farko. Teku, amai, takalmin da ya ci ƙafa, yawun da ya faɗi ya fashe. Ban san yadda aka yi na rikita jirgin ba. Tsufa ne, ina ji.

Da ya iso wurin da kwamanda ke kiran Kaka a gaban sahu, sai ya dakata, ya dubo ni. Ni kuwa lokacin ɗankwalina ya kwance, na sunkuya ina ɗaurawa, ban ɗago ba sai da aka miƙa wa Kaka bindigarsa aka yi tafi. Ɗankwalin nan ya cika santsi, dole in nemi wani.